Hukuncin Kisa da Halin Ɗan Adam a Cikin Finafinai Uku

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce nazarin yadda masu shirya fim suka sarrafa jigon hukuncin kisa, da kuma abin da ayyukan nasu suka tona game da halin ɗan Adam a sa'ad da aka ɗora masa nauyin ran ɗan'uwansa. An zaɓi finafinai uku domin wannan nazari. Na farko shi ne 12 Angry Men, watau fusatattun mutane goma sha biyu, wanda Sidney Lumet ya shirya a Amurka a 1957. Na biyu shi ne Krotki film o zabijaniu, watau gajeren fim a kan kisa, na Krzysztof Kieslowski, wanda ya fito a ƙasar Polan a 1988. Na uku kuwa shi ne Dead Man Walking, watau gawa mai tafiya, wanda Tim Robbins ya shirya a Amurka a 1995.

Dalilin haɗa su wuri guda shi ne, kowannensu ya girke kyamararsa a wani zango dabam na hanyar da ke kai mutum ga hauni. Lumet ya tsaya a ɗakin masu yanke hukunci, Kieslowski ya bi mai laifi tun daga inda ya yi kisa har ɗakin rataya, shi kuwa Robbins ya raba ƙafa tsakanin kurkuku da gidajen iyayen waɗanda aka kashe. Idan aka jera su ukun, sai a sami hoton al'amarin kusan a kammale.

Yanke fatawa a kan dacewar hukuncin kisa ko rashin dacewarsa aikin malaman shari'a ne, kuma wannan takarda ba za ta shiga gonarsu ba. Abin da ya shafi mai nazarin adabi shi ne ya auna ko mai fim ya yi wa ɗan kallo adalci. Watau, shin ya shimfiɗa masa dukkan abin da yake bukata domin ya yi hukunci da kansa, ko kuwa ya ɓoye masa wani sashe don ya kora shi zuwa inda yake so? Da wannan ma'auni za a auna finafinan.

2.0 WAIWAYE

Kafin a shiga cikin finafinan ya kamata a lura da abubuwa biyu. Na farko, sana'ar fim ta girma ne a zamanin da hukumomin Turai da Amurka suka janye hukuncin kisa daga idon jama'a. Ingila ta daina rataye mutane a bainar jama'a tun 1868. A Amurka, ratayar da aka yi a garin Owensboro na jihar Kentaki a 1936 ita ce ta ƙarshe da aka bar kowa ya zo kallo. A Faransa kuwa, a 1939 aka fille kan Eugen Weidmann a ƙofar kurkukun Versailles, wani ya ɗauki abin a fim a asirce, rashin kamun kai na 'yan kallo kuma ya sa hukuma ta mayar da aikin bayan katanga. A Nijeriya al'adar ta ɗan ƙara jimawa, domin a 1971 dubban mutane ne suka kalli harbe Ishola Oyenusi da abokan fashinsa a bakin teku a Ikko. Ashe ke nan, a ƙasashen da finafinan nan uku suka fito, akasarin mutanen da ake kisa da sunansu ba su taɓa ganin yadda ake yin sa ba. Fim ne ya zama tagar da suke leƙawa, kuma tun da gani ya kori ji, nauyin da ke kan mai riƙe da kyamara ba ƙarami ba ne.

Abu na biyu, akwai hanyoyi biyu da masu fim suka saba bi a wannan jigo. Hanya mai sauƙi ita ce a nuna an kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Alal misali, fim ɗin 10 Rillington Place na 1971 ya ba da labarin Timothy Evans, wanda aka rataye a Ingila a 1950 bisa zargin kashe 'yarsa, sai a 1953 aka gano maƙwabcinsa John Christie ya kashe mata da dama a wannan gida, har aka yi wa Evans afuwa a 1966 yana cikin kabari. Haka kuma The Green Mile na 1999 ya ƙago fursuna marar laifi wanda har warkar da marasa lafiya yake yi. Irin waɗannan finafinai suna tabbatar da cewa shari'a tana kuskure, kuma wannan gaskiya ce mai muhimmanci. Sai dai ba su taɓa zuciyar gardamar ba, domin ko mai tsananin goyon bayan hukuncin kisa ya yarda kashe marar laifi zalunci ne. Hanya mai wuya ita ce a ba ɗan kallo mutumin da hannunsa ke dumu-dumu da jini, sa'an nan a tambaye shi abin da za a yi da shi. Fim ɗin Lumet yana tsakanin hanyoyin biyu, sauran biyun kuwa ta mai wuyar suka bi.

3.0 MASU YANKE HUKUNCI: 12 ANGRY MEN

Zubin labarin, wanda Reginald Rose ya rubuta, ba shi da sarƙaƙiya. Ana tuhumar wani yaro ɗan shekara 18, tashin unguwar talakawa a birnin New York, da daɓa wa mahaifinsa wuƙa. Bisa tsarin shari'ar Amurka, mutane goma sha biyu daga cikin jama'ar gari su ne za su faɗi ko ya yi ko bai yi ba, kuma tilas bakinsu ya zo ɗaya. Alƙali ya riga ya sanar da su cewa idan suka same shi da laifi, kujerar lantarki ce makomarsa. A ƙuri'ar farko mutum goma sha ɗaya suka ce ya yi. Mutum ɗaya, mai lamba takwas, wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa, ya ƙi. Bai ce yaron ba shi da laifi ba, cewa ya yi ran mutum ya fi ƙarfin a sallama shi cikin minti biyar ba tare da an tattauna ba.

Daga nan aka shiga kwance shaidu ɗaya bayan ɗaya. Wuƙar da aka ce babu irinta, sai ga mai lamba takwas ya zaro tagwaininta daga aljihu. Tsohon da ya ce ya isa ƙofa cikin daƙiƙa 15 ya ga yaron yana gudu, an gwada an ga mai jan ƙafa irinsa ba zai iya ba. Matar da ta ce ta hangi kisan daga gadonta ta cikin tagogin jirgin ƙasa mai wucewa, an tuna akwai shatin tabarau a karan hancinta, kuma ba a kwana da tabarau. Amma babban aikin fim ɗin yana ga masu hukuncin kansu. Mai lamba bakwai sauri yake yi domin yana da tikitin kallon wasan ƙwallo a aljihu. Mai lamba goma ya tsani dukkan mutanen unguwar yaron, yana kiransu da “irinsu”, har sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka juya masa baya. Mai lamba uku, wanda ya fi kowa taurin kai, sun ɓata da ɗansa na cikinsa, kuma a ƙarshe ta bayyana cewa ɗan nasa yake hukuntawa a jikin yaron da bai sani ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani, kuma da wuya a sami wasan da ya warware wannan karin magana kamar wannan.

Ta fuskar salo, kusan dukkan minti 96 na fim ɗin a ɗaki ɗaya aka yi su, a ranar tsananin zafi. Lumet da mai ɗaukar hotonsa Boris Kaufman sun fara da ɗora kyamara sama da kawunan 'yan wasa, sa'an nan suka sauko da ita daidai ido, daga bisani suka mayar da ita ƙasa har rufin ɗaki ya riƙa bayyana. Sun kuma riƙa sauya gilashin kyamarar yadda bango zai yi kamar yana matsowa. Saboda haka ɗan kallo yana jin ƙuncin ɗakin yana ƙaruwa ba tare da ya san daga ina ba.

Inda fim ɗin ya gaza a bisa ma'auninmu wuri biyu ne. Da farko, tauraronsa ya karya doka, domin ba a yarda mai hukunci ya je ya yi binciken kansa har ya shigo da wuƙa ɗakin shawara ba, amma fim ɗin ya sa mu yaba masa ba tare da ya nuna haɗarin hakan ba. Na biyu, kowane mai goyon bayan kisa an ba shi wani aibi na hali, in ban da mai lamba huɗu wanda hujja kaɗai yake bi. Wannan ya sauƙaƙa gardamar fiye da yadda take a zahiri. Duk da haka Lumet ya yi abin a yaba, da bai taɓa gaya mana ko yaron ya yi kisan ko bai yi ba. An fita daga ɗakin da kokwanto, kuma kokwanton shi ne jigon.

4.0 KISA BIYU: FIM ƊIN KIESLOWSKI

Wannan fim faɗaɗawa ce ta kashi na biyar na Dekalog, jerin wasanni goma da Kieslowski ya shirya wa talabijin ɗin Polan, waɗanda ya jingina su da dokoki goma na Attaura. Ya rubuta shi tare da Krzysztof Piesiewicz, wanda lauya ne da ya san kotu ciki da bai. Fim ɗin ya sami lambar yabo ta alƙalai a bikin Cannes na 1988, kuma shi ya fara cin lambar gwarzon fim na nahiyar Turai a wannan shekara.

Mutum uku ake bi a birnin Warso a yini guda. Jacek saurayi ne ɗan ƙauye da ke gararamba a titi, yana aikata ƙananan mugunta ba dalili, kamar turo dutse daga kan gada a kan motocin da ke wucewa. Direban tasi, mutum ne mai matsakaicin shekaru, wanda ke tserewa ya bar fasinja a tsaye, yana kuma danna ham don ya firgita karnukan wani mai wucewa. Piotr kuwa matashi ne da ya ci jarrabawar zama lauya a ranar, inda ya gaya wa masu jarraba shi cewa tun zamanin Habila da Ƙabila horo bai hana laifi ba. Abin lura shi ne, Kieslowski bai bar ko ɗaya daga cikin biyun farko a baƙin fenti zalla ba. Direban ya jefa wa karen titi abincinsa, shi kuwa Jacek ya yi wasa da wasu 'yan mata ƙanana ta gilashin shagon shayi, ya kuma kai tsohon hoton wata yarinya a faɗaɗa masa. A wannan shagon ne yake naɗe igiya a hannunsa a ƙarƙashin tebur, Piotr yana zaune kusa yana murnar cin jarrabawa.

Fitowar kisan direban ta ɗauki fiye da minti bakwai. Jacek ya sa shi ya kai shi bayan gari, ya shaƙe shi da igiya daga baya, mutumin ya ƙi mutuwa, ya yi ta danna ham ba wanda ya kawo ɗauki. Ya buge shi da ƙarfe, ya lulluɓe masa fuska don kada ya ga idanunsa, ya ja shi bakin kogi, da ya ji har yanzu yana roƙo sai ya ƙarasa shi da dutse. A nan Kieslowski ya rushe ƙaryar da finafinan harbe-harbe suka saba da ita, cewa mutum yana faɗuwa da bugu ɗaya. Ya nuna rai yana da wuyar fita, kuma fitar da shi aiki ne mai ƙazanta.

Sa'an nan sai ya yi wani abu na ban mamaki a tsari, watau ya tsallake kamu da bincike da zaman shari'a gaba ɗaya, ya kai mu kai tsaye ga ranar hukunci. Ba ya son a tsaya gardamar hujja, domin mu da kanmu ne shaidu. Abin da ya nuna a maimakon haka shi ne shirin hauni: yana gwada igiya, yana ɗiga mai a ƙarfen da ke ɗaga ta, yana gyara labule, yana ajiye faranti a ƙarƙashin ramin domin tarar abin da zai fito daga jikin wanda aka rataye. Ga mai gabatar da ƙara, ga limamin coci, ga likita, kowa yana jiran nasa aikin. Gandirobobi suka jawo Jacek yana turjewa, aka ɗaure masa ido, aka gama cikin 'yan mintoci. Jerin ya yi daidai da na kisan farko: igiya a can igiya a nan, rufe fuska a can rufe fuska a nan, roƙo a can roƙo a nan. Bambancin kawai shi ne na farko mutum ɗaya ne cikin ruɗu, na biyu kuwa ma'aikata ne cikin oda. Mai ɗaukar hoto Slawomir Idziak ya ƙara wa abin nauyi da gilasai masu launin kore da rawaya da ya sa a bakin kyamara, waɗanda suka dusashe gefen hoto, birnin ya fito kamar marar lafiya.

Akwai wurare biyu da za a iya tuhumar fim ɗin. A ganawarsu ta ƙarshe Jacek ya gaya wa Piotr cewa yarinyar da ke cikin hoton ƙanwarsa ce, wadda tarakta ta take tana da shekara 12, kuma abokin da suka sha giya tare ne ke tuƙin. Wannan labari ya zo a daidai lokacin da zai fi tsinka zuciya, har ya kusa zama uzuri, alhali ƙarfin fim ɗin tun farko shi ne rashin kawo uzuri. Na biyu, ba a ba iyalin direban baki ba ko kaɗan, kuma an muzanta shi sosai yadda rashinsa ba zai dami ɗan kallo ba bayan an wuce fitowar kisan. A nan ma'aunin ya karkata.

Ana yawan danganta soke hukuncin kisa a Polan da wannan fim, amma ya kamata a yi hattara. Gaskiya ne ratayar ƙarshe a ƙasar an yi ta a birnin Krakow a watan Afrilu na 1988, makonni kaɗan bayan fitowar fim ɗin, kuma sabuwar dokar laifuffuka ta 1997, wadda ta fara aiki a 1998, ta soke hukuncin. Sai dai a tsakanin nan mulkin kwaminisanci ya faɗi a 1989, ƙasar kuma ta shiga Majalisar Turai a 1991, wadda ke matsa wa membobinta su daina kisa. Fim ɗin ya hura wutar muhawara, siyasa ce ta ƙarasa aikin.

5.0 MAI LAIFI DA MASU JINI: DEAD MAN WALKING

Robbins ya ɗauko labarinsa daga littafin da Sista Helen Prejean, ma'aikaciyar cocin Katolika a jihar Luwiziyana, ta wallafa a 1993 da wannan suna. Fursunan fim ɗin, Matthew Poncelet, an gina shi ne daga mutum biyu da ta yi wa rakiya, Elmo Patrick Sonnier da Robert Lee Willie, waɗanda aka kashe a kujerar lantarki a kurkukun Angola na jihar a 1984. A fim ɗin an mayar da kujerar allurar guba, wadda jihar ta koma amfani da ita a 1991. Wannan sauyi ya amfani gardamar, domin ya toshe ƙofar cewa matsalar a muni hanyar kisan take. An ba mu hanya mafi tsabta a ido, har ma'aikaciyar jinya tana goge hannun da za a soka wa allurar, sa'an nan aka bar mu da ainihin abin.

Poncelet, wanda Sean Penn ya fito a matsayinsa, ba mutumin da za a so ba ne. Maƙaryaci ne, mai ƙyamar baƙar fata, har yabon Hitler ya yi a hirar talabijin ana cikin neman masa afuwa. Shi da abokinsa Carl Vitello sun tare wani saurayi da budurwa, Walter Delacroix da Hope Percy, a cikin daji, aka yi wa yarinyar fyaɗe aka kashe su duka. Vitello ya sami ɗaurin rai da rai, Poncelet da ba shi da kuɗin lauya ƙwararre ya sami kisa. Fim ɗin ya ajiye wannan rashin daidaito a gabanmu, amma bai mai da shi wankin laifi ba.

Inda Robbins ya zarce Kieslowski shi ne a gidajen masu jini. Mahaifin Walter ya tare Sista Helen, wadda Susan Sarandon ta fito a matsayinta har ta ci lambar Oscar a 1996, ya tambaye ta yadda aka yi ta sami lokacin zama da makashin ɗansa ba ta sami na leƙa iyayen ba. Ta je gidansa ta tarar aurensa yana rushewa saboda baƙin ciki. Ta je gidan Percy, suka ba ta labarin ranar ƙarshe da suka ga 'yarsu da yadda aka tsinci gawarta, suna zaton ta dawo ɓangarensu ne, da suka gane har yanzu tana tare da Poncelet sai suka kore ta. Ba a nuna su a matsayin masu ƙishirwar jini ba. Mutane ne da aka yi wa ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma ɗan kallo ba ya iya ganin laifinsu.

A daren ƙarshe Poncelet ya amsa cewa shi ya harbe Walter, kuma ya yi wa Hope fyaɗe. A ɗakin kisa ya nemi gafarar mahaifin yaron, ya yi fatan mutuwarsa ta sanyaya zuciyar iyayen yarinyar, ya kuma ce kisa ba daidai ba ne ko wane ne ya yi shi. Yayin da gubar ke shiga jikinsa, Robbins ya riƙa sarƙa hoton da na daren da aka yi ta'asar a daji, har fuskokin mamatan biyu suka bayyana a gilashin da ke tsakaninsa da shaidu. Ma'anar wannan salo a fili take: ba a yarda ɗan kallo ya tausaya wa ɗaya ya manta da ɗayan ba.

Sai dai akwai wani ƙulli da fim ɗin ya ƙulla bai kwance ba. Poncelet ya shekara shida yana ƙarya, bai faɗi gaskiya ba sai da ya rage masa mintoci. Mai goyon bayan hukuncin zai iya cewa, to ai ga shi, ganin mutuwa ne ya mai da shi mutum. Mai adawa kuwa zai ce an kashe shi a daidai sa'ar da ya zama wanda za a iya gyarawa. Fim ɗin ya ba kowannensu makami. Wasu za su kira wannan rauni, amma bisa ma'aunin wannan takarda shi ne babbar shaidar adalcinsa. Aibin da ya fi fitowa shi ne ɗaga Poncelet a kan gadon kisa hannuwa a miƙe kamar wanda aka gicciye, domin wannan hoto ya ara masa wata daraja da labarin bai ba shi ba.

6.0 ABIN DA FINAFINAN SUKA HAƊU A KAI

Idan aka kwatanta su, za a ga sun yi tarayya a kan abubuwa uku game da halin ɗan Adam. Na farko, mai hukunci ba ya shiga ɗakin hukunci shi kaɗai, yana shiga ne da ciwonsa da ƙiyayyarsa da gaggawarsa. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, ko da kuwa an tara goma sha biyu.

Na biyu, mutum ba ya iya kashe mutum sai ya fara nisanta shi. Jacek ya rufe fuskar direba, hukuma ta rufe fuskar Jacek. Mai lamba goma ya mai da yaro “irinsu”. A kurkukun Angola an rarraba aikin yadda ba wanda zai ce shi ya yi, har wani gandiroba ya gaya wa Sista Helen cewa shi aikinsa ɗaure ƙafar hagu ne kawai.

Na uku, abin da ke rushe wannan nisa shi ne suna. Masu hukuncin Lumet lambobi ne har sai a fitowar ƙarshe, inda biyu daga cikinsu suka gaya wa juna sunayensu a matakalar kotu. Piotr ya ƙwala wa Jacek kira da sunansa ta tagar kotu ana tafiya da shi, daga baya Jacek ya gaya masa wannan kira ya kusa sa shi kuka. Poncelet ma bai cika amsa laifinsa ba sai da ya ambaci sunan Walter da bakinsa. Finafinai uku daga zamani uku sun faɗa kan dabara ɗaya.

Akwai kuma abin da ɗan kallon da ya tashi da sanin fiƙihun Malikiyya zai lura da shi. A babin ƙisasi, magadan mamaci su ke da haƙƙin neman kisa ko yafewa, da diyya ko ba diyya, kuma wanda aka yafe wa ana yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara. A kotunan finafinan nan kuwa, ƙara ta hukuma ce, iyaye shaidu ne kawai a bayan gilashi, neman gafarar da Poncelet ya yi ba ta da wani tasiri a shari'a. Amma ya kamata a ƙara da cewa a mazhabar Maliku kisan gilla, watau a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi, ba ya karɓar afuwar magada. Abin da Jacek ya yi wa direba misali ne na wannan. Saboda haka tambayar da Kieslowski ya yi ba ta tsaya ga Turawa kaɗai ba.

7.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa darajar fim mai jigon hukuncin kisa tana ga yawan gaskiyar da ya yarda ya nuna a kan ɓangaren da ba ya goyon baya. Bisa wannan, fim ɗin Lumet ya fi dacewa da koyar da yadda son zuciya ke shiga hukunci, amma ya tsaya a bakin kokwanto bai fuskanci tabbataccen mai laifi ba. Na Kieslowski ya fi sauran ƙarfi a zubi da sarrafa hoto, sai dai ya bar masu jini a waje. Na Robbins bai kai shi ƙwarewa ba, amma ya fi shi adalci, domin ya zaunar da kowa a gaban ɗan kallo. Ana ba malaman da ke koyar da wasan kwaikwayo shawara su riƙa nuna su a jere kamar yadda aka kawo su a nan, su kuma sa ɗalibai su rubuta nasu hukuncin bayan kowane ɗaya, domin a ga ko zai sauya. Har ila yau akwai bukatar a ɗora wannan ma'auni a kan fitowar kotu da ta kisan kai a finafinan Hausa, a duba wa ake ba baki a cikinsu, wa kuma ake rufe wa fuska.